Shin kwaikwayon ɗinkin manyan masu zanen tufafi sata ne?

Uwargida daga Kano: Assalamu alaikum. Na ga hoton wata doguwar riga ta kamfanin Dior wadda kuɗinta ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba, sai na shiga Kantin Kwari na sayi yadi mai kama da nata, na yanka da kaina, na ɗinka a kan kekena. Wata ƙawata ta ce abin da na yi sata ne. Ni kuwa ina ganin matuƙar ni zan sa, kuma ban manna tambarin kowa a jikinta ba, ban ci haƙƙin kowa ba. Mene ne ra'ayinku?

Tela daga Zariya: Hajiya, ina tare da ke. Dukanmu da kallo muka koyi wannan sana'a, yaro yana zaune gefen maigidansa yana lura da yadda almakashi ke bin alli. A Amurka ma dokar haƙƙin mallaka ba ta kare siffar riga, zanen da aka buga a jikin yadi take karewa, tambari kuwa dokar alamar kasuwanci ce take kare shi. A 1949 kamfanin Vogue ya fara sayar wa matan gida takardun yanka, wato takardun da ake bin zanensu a yanka yadi, na manyan gidajen ɗinkin Paris, da izininsu, domin su ɗinka wa kansu.

Mai zanen tufafi daga Abuja: Malam, kai da bakinka ka ce da izininsu. Waɗannan gidaje an biya su kuɗi, ni kuwa ba wanda ya biya ni. Na shafe makonni ina gwada yankan hannun wata riga, na ɓata yadi mai tsada kafin ta zauna daidai, amma ina sa hotonta a Instagram sai ga wani shago, wanda ba zan ambata ba, yana tallata ta da hotona a kan rabin farashina. Dior ba zai san Hajiya ta ɗinka riga ba, amma irinmu masu ƙaramin jari kwaikwayo na iya rufe mana shago.

Uwargida daga Kano: 'Yar uwa, abin da aka yi miki zalunci ne, ba na musu. Sai dai su sayarwa suka yi, suka kuma yaudari masu saye da hotonki, ni kuwa riga ɗaya na ɗinka, kuma duk wadda ta tambaye ni ina gaya mata aikin hannuna ce.

Malamin makaranta daga Maraɗi: A nan iyakar take a ganina, domin hadisi ya tabbata cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma algus yana shigowa ne lokacin da aka ɓoye wa mai saye asalin kaya. Ku dubi Dapper Dan, telan unguwar Harlem a New York, wanda ya rufe shagonsa a 1992 bayan kamfanin tufafi na Fendi ya kai shi ƙara saboda buga tambarinsa a jikin tufafi. A 2017 kuma kamfanin tufafi na Gucci ya fito da wata riga mai kumburarren hannu da ta yi kama da wadda shi ya ɗinka shekaru da dama kafin nan, sai da jama'a suka yi ca, sannan kamfanin ya jawo shi aiki tare. Manyan ma suna ɗauka daga ƙanana.

Mai zanen tufafi daga Abuja: Na yarda Hajiya ba ta yi algus ba. Amma ban janye ba game da telolin da ake kai wa hoton aikina a ce a ɗinka anko na mutum talatin. Wannan ciniki ne da ya kamata ya zo hannuna, ko aƙalla a nemi izinina.

Tela daga Zariya: Ranki ya daɗe, a kan anko kam kin kama ni, domin na sha karɓar irin wannan aiki ban taɓa tambayar mai salon ba. Idan an san mai shi, kuma ana iya samun ta, daga yanzu zan ce a fara tuntuɓar ta kafin in sa almakashi.