Waya na caji amma taswira ta ƙi fitowa a allon mota

Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah ina neman shawara. Na koma iPhone 15, wadda tun fitowarta a 2023 aka sa mata ramin caji na USB-C a madadin Lightning, wato tsohon ramin caji na iPhone. Motata kuwa tsohon ramin USB mai faɗi gare ta. Kebul ɗin da na saya a kasuwa yana caji lafiya lau, amma taswira ta ƙi hawa allon mota. Na goge ramin, na kashe wayar na kunna, shiru. Kai kaya unguwa-unguwa ne sana'ata, kuma tuƙi da waya a hannu ganganci ne. An ce wani kebul ɗin caji kawai yake yi, ba ya ɗaukar bayanai. Yaya zan gane mai ɗauka kafin in biya kuɗi?