Masu jan jirgin ruwa zuwa duwatsu da fitila: me zan karanta?

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa. Daren jiya na gama littafin Jamaica Inn na Daphne du Maurier, har yanzu raina bai kwanta ba. Musamman inda aka tasa Mary, jarumar labarin, gaba zuwa bakin teku, tana ji tana gani aka ɗaga fitila, jirgi ya biyo hasken ya daki duwatsu. Da gaske an yi haka a Ingila? Me zan ɗora da shi?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Akwai fim ɗinsa da darakta Hitchcock ya yi a 1939, amma ya sauya labarin sosai, littafin ya fi. Gara ki nemi littafin Jules Verne kan hasumiyar fitila a wani tsibiri can ƙarshen Ajantina, ya fito a 1905. Su nasu 'yan fashin kashe fitilar suke yi.

Malam Auta: Hajiya, tambayarki ta farko ita ce mai nauyi. Cathryn Pearce ta bi takardun Cornwall, yankin Ingila da labarin ya faru, na 1700 zuwa 1860, ta fitar da littafi a 2010, ba ta samu hujjar an taɓa halaka jirgi da fitilar ƙarya a can ba. Dokar 1753 dai ta yanke wa mai yin hakan kisa, akwai tsoron abin a lokacin ke nan. Kuma ki duba, matuƙin da ya hango wuta a gaɓa cikin dare, ai ya san ƙasa ta kusa, nesanta zai yi. Abin da ya tabbata shi ne wawaso: jirgi ya fashe, talakawan ƙauye su fito da jakuna da gatura su kwashi katako, ganyen shayi, taba, duk abin da ruwa ya turo. Kamar dai in tirelar kaya ta kife a hanya. Yana ɓata min rai yadda aka maƙala wa matalauta sunan makasa, alhali da yawansu su ne ke ceton matuƙan.

Yaya Binta: Gaskiyar Malam. Ko a 2007 da jirgin dakon kaya MSC Napoli ya lalace a Devon ta Ingila, har babura ƙirar BMW mutane suka gangara da su daga bakin teku. Ki haɗa da littafin Bella Bathurst na 2005, ta zaga gaɓar Birtaniya tana jin ta bakin mutane.

Baban Sadik: Ɓangaren kiɗa fa? Ethel Smyth tana da opera, wato wasan kwaikwayo na waƙa, mai suna The Wreckers, an fara nuna ta a Leipzig a 1906. Masoya biyu ne ke kunna wuta a ɓoye don gargaɗin jirage, ƙauyen kuma ya yanke musu mutuwa cikin kogon da ruwa ke cikawa. Ban iya ƙarasa ta a zama ɗaya ba.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri. Da na Pearce zan fara. Yaya Binta, na Bathurst na takarda ne gare ki? In na shigo ranar Asabar zan ara.