Muhawara: a ba wanda aka kama da ƙwaya beli?

Hajiya Binta: Ni a ganina duk wanda hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, ta kama da ƙwaya kada a ba shi beli. Yau a kama mutum da katan-katan na taramol, jibi ki gan shi a bakin lungu yana sayar wa 'ya'yanmu. To me aka yi?

Barista: Hajiya, Allah ya ƙara girma, ai beli ba wanke mutum ba ne. Sashe na 36(5) na tsarin mulkin 1999 ya ce mutum ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar. Dokar gudanar da shari'ar laifuka, wato ACJA ta 2015, kuma ta bar wa alƙali damar hana beli idan akwai alamar zai gudu, zai sake aikata laifi, ko zai yi wa shaidu katsalandan. Amma sai mai gabatar da ƙara ya kawo hujja, ba zargi kawai ba.

Kawu Sale: Ɗana, ai a takarda ne. A zahiri mai kuɗi ke fita, talaka ya ruɓe a gidan yarin Kurmawa.

Barista: Kawu, Abba Kyari fa, babban ɗan sandan nan da aka zarga da harkar ƙwaya? Tun Fabrairun 2022 aka kama shi, Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta ƙi ba shi beli, ya zauna gidan yarin Kuje. Sai a 2024 aka ba shi belin mako biyu saboda rasuwar mahaifiyarsa.

Kawu Sale: Wannan idon duniya na kansa ne. Ni yaron da aka kama da ƙulli biyu na wiwi nake nufi. A ce an ba shi beli, amma sai ya kawo ma'aikacin gwamnati mai matakin albashi babba da takardar fili. Ina ɗan mai faci zai samo su? An ba shi a baki, an hana shi a aikace.

Hajiya Binta: Wannan kam gaskiya ne, Yaya. Mai sha daban, dila daban. Mai sha a kai shi asibiti. Amma dila, wallahi ban sauya ba.

Malama Rabi: Anti, wa zai tantance dila kafin a yi shari'a? Direba nawa ake ba wa saƙon kwali a tasha bai san abin da ke ciki ba?

Hajiya Binta: Sai ya buɗe ya duba mana!

Malama Rabi: A tashar Unguwa Uku, da fasinja na jira? Barista, idan direban ya shekara biyu a tsare aka sallame shi, wa zai biya shi?