Shuɗi da rawaya sun ba ni ruwan toka

Mai gina wasa: Jama'a, raina a ɓace yake. Kwana uku ke nan ina fama da mataki ɗaya a wasan kwamfutar da nake ginawa. Ɗan wasa zai juye kwalabe biyu cikin tukunya, in launin ya dace ƙofa ta buɗe. A tsarin RGB, inda ake rubuta kowane launi da lambobi uku na ja, kore da shuɗi, na sa shuɗi a 0, 0, 255, rawaya a 255, 255, 0, na tara na raba biyu, sai ga 127, 127, 127. Toka! Ko yaro ya san kore ya kamata ya fito. RGB bai dace da irin wannan wasa ba, tunda launukan asali su ne ja, rawaya da shuɗi.

Mai lantarki: Ɗan'uwa, wa ya ce maka su ne na asali? Allon da ke gabanka haske yake fitarwa, kuma da ja, kore da shuɗi yake aiki. Tun 1861 masanin kimiyya Maxwell ya nuna hoto mai launi da waɗannan ukun. Kunna ja da kore tare, rawaya za ka gani.

Mai zane: Haba Malam! Shekara da shekaru ina dama fenti, duk ranar da ja ya haɗu da kore a buroshina ruwan ƙasa mai duhu nake samu. Abin da hannu ya sani shi ne asali. An yi fenti kafin a yi allo.

Mai lantarki: Hajiya, an yi haske kafin a yi fenti.

Mai ɗab'i: Ku duka kun kauce. Ku buɗe firinta ku duba: siyan (shuɗi mai haske), majenta (ja mai ɗan shunayya), rawaya da baƙi. Ina ja a ciki? Majenta da rawaya ake haɗawa a same shi, to ta yaya zai zama asali?

Malamin Hausa: Ni dai "kore" ɗin nan ne bai kwanta mini ba. Tsanwa muka tashi muna ji.

Mai zane: Malam, duk ana faɗa, kada ka mayar da mu aji.

Malamin Hausa: A allon wasan dole a rubuta ɗaya, kuma yara ne za su karanta.

Ɗaliba: Yaya, da ka bar lissafin nan. Ba ja lamba 1, rawaya 2, shuɗi 4, ka haɗa su da OR, wato umarnin kwamfuta da zai tara lambobin nan ba tare da ƙirga launi ɗaya sau biyu ba. In 3 ta fito ruwan lemo ne, 5 shunayya, 6 kore, 7 ruwan ƙasa. Ɗan tebur ne mai layi bakwai, kuma ko wace kwalba aka fara juyewa amsa ɗaya ce. RGB ka bar shi wajen nuna launin kawai.

Mai ɗab'i: Da wane injin gina wasa ma kake aiki?

Mai gina wasa: Unity.

Mai ɗab'i: Shi ya sa. Dawo Godot ka huta.

Mai lantarki: Wannan son kai ne. Lissafin ɗaya ne a ko'ina, kai dai kullum tallar Godot ce a bakinka.

Mai ɗab'i: Kai da ba ka taɓa buɗe shi ba?

Mai gina wasa: Don Allah, ƙofata har yanzu a rufe take.

Mai zane: Bari in taƙaita wa waɗanda suka zo a makare. Kowa ya ga RGB ya kasa, tunda toka ya bayar inda ido ke jiran kore. Ƙanwarmu ma da ja, rawaya da shuɗi ta gina teburinta, wato maganata ta tabbata. Mai lantarki bai kawo komai ba sai shekara ɗaya da sunan Bature. Zancen firinta kuwa ba wurinsa ba ne.

Mai lantarki: Ban yarda da wannan taƙaitawa ba, Hajiya. Ita da bakinta ta ce a RGB za a nuna launin.