Tambaya: ƙari a mahaifar Inna, fararen ƙwayoyin jininta kuma sai hauhawa suke

Assalamu alaikum. Ina roƙon likitoci da duk wanda ya taɓa jinyar irin wannan ciwo su ba ni haske.

Innata ta daɗe da daina al'ada, sai bana jini ya dawo mata, ciki yana kumbura. Hoton da aka yi a nan Maraɗi ya nuna ƙari a mahaifa. Da farko an ce fibroyid ne, wato ƙarin mahaifa wanda ba daji ba, amma likita ya ce shi fibroyid motsewa yake yi bayan ɗaukewar al'ada, nata kuwa girma yake. Yana zargin dajin tsokar mahaifa, leiomyosarcoma, wanda ba a tabbatar da shi sai an ciro naman an auna.

Abin da ya tsayar da mu shi ne awon jini. Fararen ƙwayoyinta sun kai 38,000, alhali na mai lafiya bai cika wuce 11,000 ba. Babu zazzaɓi, maganin kashe ƙwayoyin cuta bai rage komai ba. Likita ya ce wani ƙarin yakan fitar da sinadarin G-CSF, mai sa ɓargo ya riƙa ƙera su fiye da kima. Ni dai tsorona kada ya zama dajin jini ne daban, don maganinsu ba ɗaya ba ne.

Wane awo ke bambance su? Za a iya cire mahaifar a haka, ko sai adadin ya sauka? Mu yi aikin a nan, ko mu wuce cibiyar yaƙi da cutar daji ta Yamai? Inna ta rame sosai, tafiyar kuma da nisa. Allah ya saka da alheri.