Lilon kujeru na wuraren wasan ƙanƙara: me ke sa ya koma da baya?

Baban Usman, Gusau:

Assalamu alaikum. Ɗana yana karatun likitanci a Tibilisi, babban birnin Jojiya, kuma ya nemi izinina ya bi abokan karatunsa zuwa Gudauri, inda ake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Kafin in ba shi amsa sai wani ɗan'uwa ya turo mini bidiyon abin da ya faru a wurin a watan Maris na 2018, lokacin da lilon da ke hawa da mutane kan dutse ya juya da baya a guje, yana watsar da su a tashar ƙasa, kujeru suna cin karo da juna. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ina roƙon masu ilimin injina su bayyana mini abin da ke jawo haka, da abin da wanda ke zaune a kai zai iya yi don kare kansa.

Injiniya, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kujerun duka suna maƙale ne a jikin igiyar ƙarfe guda ɗaya wadda ke zagaya manyan wili biyu, ɗaya a gindin dutse, ɗaya a samansa, kuma injin lantarki ne ke juya ɗaya daga cikinsu ta hanyar giya. Gefen da ke hawa cike yake da mutane, gefen da ke saukowa kuwa kusan babu kowa, saboda haka da zarar ƙarfin da ke riƙe da wilin ya kuɓuce, nauyin mutanen ne zai ja igiyar baya, kamar yadda guga cike da ruwa ke komawa rijiya idan hannu ya sake shi.

Masu ƙera shi sun san da wannan, shi ya sa ba birki ɗaya ake sa masa ba. Akwai na yau da kullum a kusa da injin, akwai na gaggawa wanda ke damƙe babban wilin kai tsaye ko da giya ta karye, sannan akwai abin da ke hana komawa baya. An yi birkin ne yadda sifirin ke rufe shi, matsin mai kuma ke buɗe shi, don haka ɗaukewar wuta kama birki take yi. Akwai kuma injin dizal na ko-ta-kwana wanda ake tayarwa a sauke mutane a hankali.

A Gudauri mutum 11 ne suka jikkata, babu wanda ya rasu, kuma bincike ya nuna cewa wuta ce ta yi ƙasa, lilon ya tsaya, sannan ma'aikacin da ke kula da shi ya yi kuskure wajen tayar da shi. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na Mottarone a Italiya, ranar 23 ga Mayu 2021, inda igiyar da ke jan wani lilo mai ɗakin fasinja maimakon kujeru ta tsinke, mutum 14 suka rasu, yaro ɗaya kaɗai ya tsira. Birkin gaggawa yana nan, amma an tokare shi da ƙarfe da gangan domin yana yawan kamawa yana tsayar da aiki. A ganina nan matsalar take, Alhaji: ƙirar tana da kariya hawa-hawa, amma sai an samu masu gyara da ke tsoron Allah a kan rayukan da aka ba su amana.

Ɗalibi ɗan Argungu, daga Tibilisi:

Baba, na hau wannan lilon a Gudauri, kuma abin da na gani da idona shi ne yawancin masu faɗuwa wajen hawa da sauka suke faɗuwa. Kujerar ba ta jiran mutum, ta baya take zuwa ta ɗauke shi, kuma wanda bai saba da takalman zamiya ba yakan ruɗe. Shawarata ga ɗanka ita ce ya gaya wa ma'aikacin cewa karonsa na farko ke nan, za a rage masa gudu. Ya cire jakar baya ya ɗora a cinya don kada igiyarta ta maƙale, ya zauna har bayansa ya taɓa majingina, ya sauko da ƙarfen kariya, kada ya ɗaga shi sai an kusa tasha. Ranar da iska ta yi ƙarfi akan rufe lilon, domin iska tana iya zame igiya daga kan ƙananan wilin da ke kan turaku, kamar yadda ya faru a Sugarloaf ta jihar Maine a Amurka a Disambar 2010, inda kujeru suka faɗo da mutane. Idan an rufe, kada ya bi masu gunaguni.

Hajiya, Talatar Mafara:

Alhaji, na hau lilo mai ɗaki a Ɗa'ifa lokacin Umara, kuma lafiya lau muka sauka. Tambayata ga Injiniya ita ce: a bidiyon nan waɗanda suka diro da kansu sun fi waɗanda suka zauna tsira, to shin dirowa ake so?

Injiniya, Birnin Kebbi:

Hajiya, hali biyu ne, kuma haɗa su yana da haɗari. Idan lilo ya tsaya cak, ko da zai ɗauki lokaci mai tsawo cikin sanyi, zama ake yi, domin tsayuwar alama ce cewa birki ya kama, kuma ma'aikata suna da horon sauko da mutane da igiya ɗaya bayan ɗaya. Mai dirowa daga tsayi yana iya karya baya, kuma girgizar da zai jawo wa igiyar tana iya taɓa na kujerun kusa. Komawa baya a guje kuwa abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kuma waɗanda suka diro a Gudauri sun yi haka ne dab da tasha, inda kujera ta yi kusa da ƙasa kuma akwai dusar ƙanƙara mai laushi. Alhaji, da ni ne, zan bar Usman ya tafi, da sharaɗin ya tafi tare da wanda ya taɓa hawa, ya kuma fara da ƙaramin lilon 'yan koyo.