Yaya ake jera fankishin a cikin aji (class) na Python idan sun yi yawa?

Bello Mabera:
Salamu alaikum 'yan uwa. Manhajar ajiyar albasa ce a Python. Aji ɗaya mai suna `Sito` ya ɗauki fankishin kusan 30: karɓar buhuna, fitarwa, bashin dillalai, rasit, tura saƙo, duk a cakuɗe. A jera su da harafi, ko na fili a sama na ɓoye a ƙasa? Mi ya fi?

Malam Sani Arkilla:
Wa alaikumus salam. Jeren harafi kada ma ka fara. Zai raba `fitar_da_kaya` da `_duba_ragowa` da take kira, mai karatu ya yi ta hawa da sauka. Ka fara da ƙimomin da ba su canzawa, sai `__init__` mai shirya abu idan an ƙirƙire shi, sai `@classmethod` masu ƙera sabon abu, sai `@property`, wato fankishin da ake karantawa kamar ƙima. Sauran ka tara su bisa aiki, na kaya wuri ɗaya, na bashi wuri ɗaya, kowane ɗan taimako na ɓoye mai farawa da `_` a ƙarƙashin wadda ke kiransa. Ƙa'idojin rubuta Java da kamfanin Sun ya fitar a 1997 ma haka suka ce, a haɗa bisa aiki. PEP 8, wato jagoran salon rubuta Python, bai yanke hukunci kan jeri ba, layi ɗaya babu komai tsakanin fankishin kawai ya nema.

Ka kula wajen matsarwa: mai sa ƙima irin `@farashi.setter` dole ya zo bayan `@property` ɗinsa, in ya riga shi `NameError` za ka gani tun wajen loda fayil.

Hadiza Runjin Sambo:
Malam ya yi daidai, amma ni ina ganin matsalar ta wuce jeri. Ɗan'uwa, ɗauki takarda, gaban kowace fankishin ka rubuta wane `self.` take taɓawa, wato wane bayanin ajin take amfani da shi. In na kaya `self.buhuna` kawai suke taɓawa, na bashi kuma `self.basussuka`, to aji biyu ne ka cusa a riga ɗaya. Fitar da `LittafinBashi` daban. Wadda ba ta taɓa `self` ko kaɗan, kamar mai gyara lambar waya zuwa +234, ba ta da gurbi a `Sito`, ta koma fayil ɗin tura saƙo.

Abin da ke kada mutane bayan rabawa shi ne fayil biyu su riƙa yin `import` ɗin juna. Kada `LittafinBashi` ya san da `Sito`. Miƙa masa sunan dillali da adadin kuɗi, shi ke nan.

Malam Sani Arkilla:
Ƙwarai kuwa. Kuma Bello, matsarwar ka yi mata `commit` nata a Git, wato ka adana ta ita kaɗai a tarihin canje-canje, kada ka haɗa da gyaran lissafi, in ba haka ba mai duba aikin ba zai gane abin da ya canza ba. Kafin nan ka bi fayil ɗin da flake8, manhajar da ke gano kurakurai a rubutun Python. A aji mai tsawo akan samu fankishin biyu da suna ɗaya, Python kuma ba ya ƙorafi, ta ƙasa ce ke aiki. In ka sauya musu wuri sai lissafi ya canza ba ka sani ba. Gargaɗin F811 na flake8 ne ke nuna fankishin biyu masu suna ɗaya.